Maraɗi ta hau tudu: ƙaurar 1945 da shari'ar filayen gari

A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ruwa ya afka wa tsohon birni da ke kwance cikin kwari, gidajen ƙasa suka jiƙa suka zube. Birnin nan shi ne wanda Katsinawa suka zauna tun farkon ƙarni na 19, bayan jihadi ya raba su da Birnin Katsina. Hukumar Nasara ta yanke cewa ba za a sake gini a kwarin ba, sai a hau tudu. Aka shata tituna miƙaƙƙu masu gitta juna, aka tsayar da fadar sarki, unguwanni irin su Limanci, Bagalam, Ƴandaka, Maradawa da Ɗan Gulbi suka hau da sunayensu.

Sunaye sun hau, amma tsohuwar hujjar mallaka ta fara raguwa tun daga ranar. A kwari, iyakar gida tana bakin dattawa: wane ya gaji wane, darnin ya tsaya a gindin wace bishiya. In rigima ta tashi, mai unguwa ya kira shaidu, in ta gagara a je fada ko gaban alƙali. A kan tudu kuwa iyaka tana cikin taswirar mai awon ƙasa, taswirar kuma tana ofishin kwamandan.

Dokokin da suka ba taswirar ƙarfi sun girmi ambaliyar. Dokar 26 ga Yuli 1932, wadda ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta tsara rijistar ƙasa: mai neman takardar mallaka ya shigar da buƙata, a buga sanarwa, a ba masu ƙorafi wata 3. In wa'adin ya wuce aka rubuta fili da sunan wani, magana ta ƙare, ba kotun da za ta sake buɗe ta. Sanarwar da Faransanci take, a ƙasar da masu karatun boko ba su taka kara sun karya ba. Dokar 15 ga Nuwamba 1935 ta ƙara da cewa ƙasar da ba ta da mai ita ta hukuma ce. Manomin da ya bar gonarsa ta huta shekaru ya san tana da mai ita sarai, sai dai ba shi da takardar da zai nuna.

Wa zai tsaya wa talaka a lokacin? A 1945 mutanen Maraɗi talakawan mulkin mallaka ne, ba ƴan ƙasa masu cikakken haƙƙi ba. Kwamandan yana iya ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, aikin tilas kuma bai faɗi ba sai a 1946. Kotunan gargajiya ba wurin lauya ba ne, kowa da bakinsa yake kare kansa. Babu shakka ƙaurar ta tsirar da garin daga ruwa, ta kuma buɗe wa cinikin gyaɗa da alhazai hanya. Amma aiki ne da aka yi wa mutane, ba a yi shi da su ba.

Bayan ƴancin kai, doka mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961 ta kafa sharuɗɗa: ba a karɓe wa mutum fili sai don amfanin jama'a, sai an yi bincike an saurari masu haƙƙi, sai an biya diyya ta adalci kafin a taɓa gini. In ba a daidaita ba, alƙali ne zai yanke kuɗin. A takarda wannan babban ci gaba ne. A aikace, garuruwa sun ci gaba da cinye gonakin da ke kewaye da su ta hanyar yankan filaye, sau da yawa a sallami mai gona da ƴan filaye daga cikin gonarsa. Yankan filaye ya zama saniyar tatsa ga ma'aikatun magajin gari, har a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashi da filaye. Malaman makaranta da dama ta wannan hanya suka fara riƙe takardar fili, wasu kuma suka sayar da ita da araha tun ba su ga turakun ba.

Kundin dokokin karkara na 1993 ya ɗora mallakar gargajiya a matsayi ɗaya da ta takarda, abin da ya ba masu gonakin gefen gari madafa. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ƙara wa magadan gari iko a kan filaye, tare da shi ƙararraki suka yawaita: fili ɗaya da takardu biyu, magada da mai saye, fada da ofis. A 2008 aka gyara dokar 1961 don ta ƙunshi sake tsugunar da waɗanda aiki ya tayar.

Hukuma tana da masu awonta da masanan shari'arta tun zamanin kwamandan. Hukumar da za ta ba marar hali shawara da lauya kyauta kuwa, wato ANAJJ, sai a Disamban 2011 aka yi dokar kafa ta, shekara 66 bayan Maraɗi ta hau tudu.