Daga Tafireta Zuwa Library Genesis

A Tarayyar Sobiyet, wanda ya samu littafin da gwamnati ta haramta yakan zauna gaban tafireta, ya jera takardu da kabon a tsakaninsu, ya buga kwafi huɗu ko biyar a lokaci guda, na can ƙasa da ƙyar yake karantuwa. Sai ya miƙa wa amintattunsa, su ma su buga nasu. Samizdat ake kiran wannan al'ada, ta nan ne kuma rubuce-rubucen marubuci Solzhenitsyn suka zaga gidaje, duk da cewa wanda aka kama yana yaɗa su ɗauri na jiransa.

Tarayyar ta wargaje a 1991. Takunkumi ya kau, talauci ya zauna a gurbinsa, jami'o'i suka kasa sayen littattafai. Sai tsohuwar al'ada ta koma kwamfuta. A 1994 Maksim Moshkov ya buɗe ɗakin karatu a intanet, masu karatu suna aiko masa da littattafan da suka kwafa. Malaman lissafi da kimiyya kuma suka riƙa ɗaukar hoton nasu shafi-shafi, suna musaya a faifai. Daga irin wannan tari shafin littattafai na Library Genesis ya tsiro wajen 2008. Da kamfanonin ɗab'i suka sa aka rufe wani shafin makamancinsa, library.nu, a 2012, kaso mai yawa na littattafansa can ya koma.

Alexandra Elbakyan, ɗaliba 'yar Kazakistan, ta kafa Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalun bincike kyauta, a 2011 saboda maƙala guda ta bincike takan kai dala 30. Abin takaicin, masanin da ya rubuta maƙalar ko sisi ba ya samu a ciki, da wuya kuwa mutum ya ga laifin ɗalibin da ya bi ta bayan gida. Kamfanin ɗab'i na Elsevier ya yi ƙarar Sci-Hub, a 2017 wata kotu a New York ta yanke hukuncin a biya kamfanin diyyar dala miliyan 15.

Marubucin ƙagaggen labari kuwa, da cinikin littafinsa yake cefane. Marubutan Hausa da ake watsa littattafansu kyauta a WhatsApp sun san zafin wannan, kuma kukansu gaskiya ne. Littattafan ƙagaggun labarai sun cika wani shafin mai suna Z-Library, wanda hukumomin Amurka suka ƙwace adireshinsa a Nuwamba 2022, aka kama Rashawa biyu a Ajantina. Cikin 'yan watanni shafin ya dawo da sababbin adireshi.