Kujeru biyar da ba kowa bisansu

Ƙuri'ata ta farko na jefa ta ranar 13 ga Disamba 2020, zaɓen kansaloli, cikin wani ajin lakwal a Azarori. Da na fito da tawada a yatsa sai na kira yayana da ke Abijan don in yi mashi burga. Ya yi dariya ya ce: "To ƙanena, ka jefa mini tawa ma, mu an manta da mu." A lokacin na ɗauka ba'a ce. Sai da na shiga jami'a na fara bin tarihin shekarar nan na gane gaskiya ya faɗa.

Mu koma baya kaɗan. Ranar 19 ga Maris 2020 aka bayyana mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Cikin kwanakin nan aka rufe iyakoki da makarantu, aka hana sallar jam'i. Ranar 27 ga wata shugaba Mahamadou Issoufou ya kafa dokar ta-ɓaci, aka killace Yamai, aka hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Mu ƴan lise da ke Madawa aka sallamo mu gida. Cutar ba ƙarya ba ce, ta kashe ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a farkon Mayu. Amma a garinmu ba mu san wanda ta kwantar ba, shi ya sa tsofaffi ke ce mata ciwon masu shiga jirgi. A Mirya har tarzoma aka yi kan rufe masallatai, kuma ba a buɗe su ba sai 13 ga Mayu.

Ni da nake karatun harshe, kalmomin lokacin ne suka fi tsaya mani. A rediyo muna jin ana kiran ƙyallen rufe hanci da baki "takunkumi". To takunkumi a wurinmu abin da ake ɗaura wa dabba ne a baki don kada ta ci amfanin gonar mutane. Ka ce wa dattijo ya sa takunkumi, sannan ka yi mamaki in ya ƙi? Amma kalmar da ta fi yi mana ɓarna ita ce "diyasfora".

A takardun hukuma, ɗan Nijar da ke waje ɗan diyasfora ne, har ana ce masu jaha ta tara, kuma a lokacin doka ta ware masu kujeru 5 cikin 171 na majalisar dokoki. Kalmar tana kawo hoton mutumin da ya tare a waje da iyalinshi. Mu kuwa a ƙasar Madawa da Buza da Keita abin da muka sani ci-rani ne: a gama girbi, a ɗaure kaya, a tafi Abijan ko Legas ko Libiya, a komo kafin ruwan shuka. Ɗan ci-rani bai bar gida ba, gonarshi na nan, matarshi na nan. Rabin shekara ne kawai ba ya nan, kuma cikin rabin nan aka yi komi.

Rajistar sabon katin zaɓe mai hoto da zanen yatsa ta zo jahar Tawa a ƙarshen 2019, daidai lokacin da samari ke tafiya. Yayana ya riga ya kama hanya kafin masu rajista su iso unguwarmu. Bai damu ba, don an ce za a bi ƴan waje a yi masu can. Sai korona ta zo, hukumar zaɓe CENI ta ce ba ta iya fita ƙasashen waje, aka ɗage rajistarsu. Ya so ya komo da damina, iyaka na rufe. Ba ya cikin kundin gida, ba a buɗe na waje ba. Gonarshi ni da ƙannena muka nome, rabi muka iya.

Wani zai ce ai lalura ce, ba wanda ya kira annoba. Haka ne. Sai dai a cikin gida annobar ba ta hana komi ba. Mun ga gangamin yaƙin neman zaɓe, mutane kafaɗa da kafaɗa, a watan da cutar ta sake tashi. An yi zagayen farko 27 ga Disamba, an yi na biyu 21 ga Fabrairu 2021 tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane, aka rantsar da Bazoum 2 ga Afrilu. Majalisa ta zauna da mutum 166. Ban ce ƙuri'un ƴan waje za su sauya wanda ya ci ba. Abin da na ce shi ne, waɗanda kuɗinsu ke cika rumbunan Adar in hatsi ya ƙare, ba a tambaye su ba.

Tallafi ma haka ya bi. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu. Abu ne mai kyau ga mai kwantar a gidanshi. Mu fitilar batir muke kunnawa. An kuma yi yarjejeniya da bankuna ta bashin miliyar 150 na sefa don kamfanoni, manya da ƙanana. Amma "ƙaramin kamfani" a bakin banki shi ne mai lambar haraji da takardun lissafi. Innata da ke tuyar ƙosai ƙofar lakwal ta yi wata biyu da ƴan kwanaki ba ciniki, don ba a koma aji ba sai 1 ga Yuni. Kawuna ya haƙe albasarshi daidai lokacin rufewar. Motocin kaya na wucewa, amma ƴan kasuwar da suka saba zuwa su taya da kansu ba su zo ba, ga iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta rufe tun Agusta 2019, wadda ba a buɗe ta Illela ba sai tsakiyar Disamba 2020. Ya sayar da abin da ya sayar, saura ta ruɓe cikin rudu. Da na karanta mashi labarin miliyar 150 sai ya ce: "Ɗana, wannan dala nawa ke nan?" Ban iya lissafa mashi ba.

Su dai ƴan ci-rani ba su zauna jiran kowa ba. Da yawa sun biyo hanyoyin daji bisa babur, suna biyan ninkin kuɗin mota, kuma ba wanda ya auna zafin jikinsu. Wato dokar da aka kafa don tsare lafiya ita ta kauce da su daga inda ma'aikatan lafiya suke. Yayana bai yarda da wannan kasadar ba, ya zauna. Nijar ta buɗe iyakokinta na ƙasa a Yunin 2021, Kodibuwa kuwa sai Fabrairun 2023.

An yi zaɓen kujerun nan biyar ranar 18 ga Yuni 2023. Yayana bai jefa ba, yana Azarori yana jiran ruwan shuka. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki, majalisar ta watse da su biyar ɗin a ciki.