Ƙa'idojin Vancouver

Ƙa'idojin Vancouver sharuɗɗa ne da mujallun likitanci da yawa ke bi wajen karɓar rahoton bincike. Sun samo suna daga birnin Vancouver na ƙasar Kanada, inda wasu editoci suka yi taro a 1978, aka fara wallafa ƙa'idojin a 1979. Rukunin ne ya zama kwamitin ICMJE, wanda mujallu irin su The Lancet da JAMA ke cikinsa.

Ana tsara rahoton asali kashi huɗu: gabatarwa, hanyoyin bincike, sakamako da tattaunawa. Manazarta kuwa lamba ake ba su, gwargwadon yadda suka zo a cikin rubutun.

Batun wanda ya cancanci a kira shi marubuci ya fi jawo gardama. Sai mutum ya ba da gudummawa ta gaske ga binciken, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya ɗauki alhakin aikin. Samo kuɗi kawai, ko shugabancin sashe, ba ya isa.

Tun daga 2005, mujallun kwamitin ba sa karɓar gwajin magani da ba a yi masa rajista ba.