Dorugu A Tsibirin Ingila: Baƙon Da Ya Ba Da Labarin Masu Gida

Idan ana maganar littattafan tafiye-tafiye a adabin Hausa, wanda kan fara zuwa bakin mutane shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944, bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Wasu kuma su tuna da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya je can tun a 1921. To amma kafin waɗannan manya akwai wani yaro da ya riga su taka wannan tsibiri da shekaru fiye da sittin, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa. Sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa ta Barno. A can ne wani Bajamushe matafiyi mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi da ake kira Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare da shi Dorugu ya bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu a 1853 har Tambutu. Daga baya suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka yada zango a tsibirin Malta, suka bi ta Faransa, suka isa Landan a watan Satumba na 1855.

A Ingila wani limamin mishan mai suna J. F. Schön, wanda ya daɗe yana neman sanin Hausa, ya karɓe shi ya zaunar da shi gidansa. Dorugu yana faɗa, shi yana rubutawa da boko. Da taimakon wannan yaro ne Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, sa'an nan a 1885 ya buga Magana Hausa, inda tarihin rayuwar Dorugu yake tare da tatsuniyoyi da labarai.

Abin da ya kamata mu marubuta mu tsaya mu duba shi ne yadda yaron ya kalli Turawa. A wancan zamani su ne ke zuwa ƙasashenmu, su auna ganuwa, su ƙirga rumfunan kasuwa, su ɗanɗana fura, su koma gida su rubuta cewa ga yadda baƙar fata ke rayuwa. Sai ga shi reshe ya juye da mujiya: mai kallo ya zama abin kallo. Dorugu bai ɗauke su wasu aljanu ba. Ya dube su kamar yadda baƙo kan dubi kowace ƙabila da ya sauka a cikinta, abin da ya burge shi ya faɗa, abin da ya ba shi mamaki ya faɗa.

Inda ya fi daɗin karatu shi ne bayaninsa kan liyafar cin abinci. A ƙasar da ya fito, maza kan zauna kan tabarma su kewaye akushi guda, mata kuwa suna cikin gida da nasu ƙwaryar. Can kuwa sai ya tarar maza da mata suna zama teburi ɗaya cikin ado, kowa da farantinsa da wuƙa da cokali mai yatsu, ana kawo abinci kala bayan kala, in an ɗauke wannan a ajiye wancan, daga ƙarshe matan su tashi su bar mazan suna hira. Bature bai ga abin faɗi a nan ba, don a cikinsa ya tashi. Sai da baƙo ya zo ya jera abin daki-daki kafin a gane cewa shi ma al'ada ce kamar kowace.

Dorugu ya dawo gida a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Amma labarinsa bai yaɗu sosai ba sai a 1971, da Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Ingilishi. Har yau ɗalibanmu da yawa ba su taɓa karanta shi da Hausar da aka faɗe shi ba.

Mu da muka fito daga ƙasar Gozaki wannan magana ta shafe mu. A da, shekara da shekaru audugar da aka gurza a Funtua da Malumfashi ta yi ta tafiya masaƙun wannan tsibiri da Dorugu ya gani. Mutanenmu kuma matafiya ne: fatake, 'yan cin rani, alhazai, direbobin manyan motoci da ke kai masara Ikko. Kowannensu ya ci abincin da bai saba ba, ya ga al'adar da ta sa shi riƙe baki. Suna ba da labarin a dandali, a yi dariya, a watse, ran da mai labarin ya kwanta dama labarin ya bi shi kabari. Tsohon birnin Gozaki kansa, in ban da abin da masana irin su Yusufu Bala Usman suka tattara, me muka rubuta a kansa da harshenmu?

Dorugu bai kai shekara ashirin ba lokacin da ya ba da nasa labari, kuma da baki ya faɗa wani ya rubuta. Saboda haka duk wanda ke da tsoho matafiyi a gidansu, ya nemi takarda da alƙalami ya zauna gabansa tun yana da rai. Ya tambaye shi inda ya kwana, da abin da aka ba shi ya ci, da abin da ya gani ya kasa gaskatawa.