Kotu da Soyayya a Talabijin ɗin Koriya ta Kudu

Wasan kwaikwayo mai dogon zango da ke haɗa shari'a da soyayya yana cikin nau'o'in da Koriya ta Kudu ta yi suna da su. Galibi kashi 16 ne, kowanne kimanin awa guda, ana nuna biyu a mako. A kashi ɗaya ko biyu akan shigar da ƙara a yanke ta, ita kuwa soyayyar tauraron da tauraruwar sai ta yi ta jan ƙafa har ƙarshen zango. Farin jinin wannan salo ya samo asali ne daga yadda mutanen ƙasar suka daɗe suna kallon aikin shari'a: suna kwaɗayinsa, suna kuma zarginsa.

Kwaɗayin ya fito ne daga jarrabawa. Daga 1963 har zuwa 2017, babbar ƙofar zama alƙali, mai gabatar da ƙara ko lauya ita ce jarrabawar shari'a ta ƙasa, wadda ba ta tambayar ɗan wane ne kai, ba ta kuma neman digiri. Kimanin uku cikin ɗari ne ke tsallakewa. A lokacin, matasa kan tare a unguwar Sillim-dong da ke Seoul, su kama ɗan ɗakin da gado da teburi suka cinye shi, su shafe shekaru suna haddar dokoki, iyaye na aiko da kuɗi daga ƙauye. Roh Moo-hyun, ɗan manomi da bai yi jami'a ba, ya ci jarrabawar a 1975, ya kuma zama shugaban ƙasa a 2003. Wanda ya ci jarrabawar, har masu dalilin aure kan yi masa layi da 'ya'yan attajirai. Ashe tun kafin marubuta su ɗauki alƙalami, rigar shari'a da maganar aure sun riga sun haɗu.

Zargin kuma gadon mulkin soja ne, lokacin da aka yi amfani da kotuna wajen murƙushe 'yan adawa. A Oktoban 1988 wani fursuna da ya tsere, Ji Kang-hun, ya yi garkuwa da wasu iyali a Seoul, ya kwarmata a gaban kyamarorin talabijin cewa mai kuɗi ba ya laifi, marar kuɗi shi ne mai laifi. Maganar ta zama karin magana a ƙasar har yau.

Tashar SBS, wadda ta fara aiki a 1991, ita ce ta fara cin moriyar wannan da ƙarfi. A 1995 ta nuna Sandglass, labarin abokai biyu, ɗaya ya zama ɗan daba ɗaya mai gabatar da ƙara, da 'yar wani attajirin gidan caca a tsakaninsu. Wasan ya taɓo kisan da sojoji suka yi a Gwangju a 1980, kuma a ƙarshe mai gabatar da ƙarar da bakinsa ya nemi a yanke wa abokinsa hukuncin kisa. Masu kallo sun haura kashi 60 cikin ɗari. Sai dai wasa ne mai nauyi, soyayyarsa ta kuka ce, kuma rigar shari'ar a jikin namiji take.

Abin da ya canza fasalin shi ne sauye-sauyen da suka biyo bayan shekarar 2000. Mata, waɗanda Lee Tai-young ta buɗe wa hanya da cin jarrabawar shari'a ta wancan lokacin a 1952, suka yawaita a kotuna. A 2008 aka fara shigo da talakawa su zauna su saurari wasu manyan ƙararraki su ba da ra'ayi, ko da yake ra'ayin nasu shawara ce kawai ga alƙali. A 2009 aka buɗe makarantun koyon aikin lauya 25. Ga marubuci, zaman talakawan nan garaɓasa ne, domin ainihin shari'a a Koriya yawancinta musayar takardu ce, ba abin kallo ba. Yanzu kuwa lauya ya samu waɗanda zai miƙe ya yi wa jawabi.

I Can Hear Your Voice na 2013, wanda Park Hye-ryun ta rubuta, shi ya kafa ma'aunin zamani. Lee Bo-young ta fito a lauyar da gwamnati ke bai wa marasa galihu, mai tsiwa da son kanta, Lee Jong-suk kuma matashin da ke jin abin da ke ran mutane. Karɓuwar da ya samu ta sa aka ƙara shi daga kashi 16 zuwa 18. A Suspicious Partner na 2017, Ji Chang-wook ya fito a mai gabatar da ƙara da aka ɗora wa tuhumar ɗalibarsa, Nam Ji-hyun, da kisan tsohon saurayinta. Ya gano an dasa mata shaida, ya janye ƙarar a tsakiyar kotu, ya rasa kujerarsa.

A nan dabarar salon take. Soyayya a waɗannan wasanni mai kunya ce: riƙe hannu kan ɗauki makonni, ana cin taliya a ofis da tsakar dare kan tulin fayil, ana kiran juna da muƙami maimakon suna. Da babu kotu, da jan ƙafar ya gundura. Shari'a ce ke bai wa masoyan dalilin zama tare, ita ce kuma ke gwada su, domin so a nan ana auna shi da abin da mutum ya yarda ya rasa saboda gaskiya. Raunin salon ma a fili yake: shaida kan faɗo daga sama a minti na ƙarshe, kuma sau da yawa sai a tarar masoyan sun taɓa haɗuwa suna yara.

Netflix ya shiga Koriya a 2016, ya kai waɗannan wasanni ga masu kallo a nahiyoyi daban-daban. Kololuwar ta zo a 2022 da Extraordinary Attorney Woo, inda Park Eun-bin ta fito a lauya mai lalurar galahanga, gwanar haddar doka, wadda ƙofar gilashi mai juyawa ke gagararta shiga sai wani abokin aiki ya koya mata takun. An fara nuna shi a ƙaramar tashar ENA da masu kallo kashi 0.9 cikin ɗari, aka kammala da 17.5. Wata tsohuwar bishiya a yankin Changwon da ta fito a ɗaya daga cikin ƙararrakinsa ta ja maziyarta, har hukuma ta sanya ta cikin kayan tarihin da doka ke karewa a wannan shekarar, kuma a 2023 Park Eun-bin ta karɓi babbar kyautar Baeksang ta ɓangaren talabijin.