TAKALMIN MATAR LIYONYA

 Ni dai kun san sana'ata ƙirƙirar labari ce, kuma sau da yawa mai karatu kan aiko mini da wasiƙa wai ta kwana tana kuka saboda wata yarinya da ke cikin littafina, alhali yarinyar nan babu ita a duniya, a kaina na haife ta. To yau tarihin wani ƙirƙirarren mutum zan ba ku, wanda shi ba hawaye ya sa aka zubar ba, dukiya ya sa aka zubar.

A ƙarshen shekarar 1991 Tarayyar Sobiyat ta wargaje. Da shigowar 1992 gwamnatin Rasha ta saki farashin kaya, kafin shekara ta zagayo kayan masarufi sun ninka fiye da sau 20. Tsohuwar da ta yi shekaru tana tarin kuɗin tsufa sai ta wayi gari abin da ta tara bai fi na cefane ba. Mutane suka shiga tsoro da ɗimuwa, kowa na neman inda zai dafa.

Ana cikin wannan hali ne wani mutum mai suna Sargei Mabrodi ya fara sayar da hannun jarin kamfaninsa MMM a farkon 1994. Bai tsaya yi wa jama'a dogon lissafi ba, domin ya san lissafi ba ya shiga zuciya. Sai ya sa aka shirya talla a talabijin kamar wasan kwaikwayo, kashi-kashi. Tauraron wasan sunansa Liyonya Golubkof, talaka direban motar haƙa ƙasa, da matarsa Rita. Ya sayi hannun jari, ya ci riba, ya saya wa Rita takalmi. A wani kashin ya saya mata rigar sanyi mai tsada, aka shiga zancen kayan ɗaki da mota da gida. Ke 'yar uwa, wace mace ce za ta ga miji ya shigo wa matarsa da tsaraba ba ta ɗan saci kallon nata mijin ba?

Miliyoyin mutane suka yi layi da kuɗinsu. Ashe babu wata masana'anta ko gona a bayan abin, kuɗin wanda ya shigo yau da shi ake biyan wanda ya shigo jiya, farashin hannun jarin ma kamfanin ne ke yanka abinsa. A ƙarshen watan Yuli na 1994 takardar da ake sayarwa sama da rubul 100,000 ta faɗo zuwa 1,000. Aka kama Mabrodi a watan Agusta kan zargin ƙin biyan haraji. Abin mamaki, a watan Oktoba jama'a suka zaɓe shi ɗan majalisa, don har lokacin da yawa sun yarda gwamnati ce ta yi masa hassada. Labari idan ya kama zuciya, ko asara ba ta cire shi da wuri. Sai a 2007 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu da rabi.

Za ki ce ina ruwanmu da Rasha? To ai abin har gida ya iske mu. A ƙarshen 2015 MMM ya ɓullo a Najeriya ta intanet, daidai lokacin da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Naira ta karye, albashi ya maƙale a jihohi da dama, shinkafa ta yi tashin gwauron zabi. Irin tsoron da ya kama mutanen Rasha shi ya kama mu.

A wannan karon ba a ɗauki ɗan wasa ba, mu aka mayar 'yan wasan. An yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata, aka sa wa abin suna taimakon juna. Duk wanda aka biya sai ya rubuta abin da suke kira wasiƙar farin ciki, idan ya yi bidiyo a ƙara masa lada, idan ya kawo wani ma a ba shi kamasho. Kin ga kowace unguwa ta samu nata Liyonya ke nan. A gidan biki da gidan suna zancen ke nan: wance ta canja kujeru, mijin wance ya sayi babur. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, amma ina! Muryar maƙwabciya ta fi ta banki kusa da kunne.

A tsakiyar Disamba 2016 aka dakatar da biya. Daga baya hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar Naira biliyan 18. Shi kuwa Mabrodi ya rasu a Mosko a watan Maris na 2018.

Kada ki ɗauka wayo nake nuna miki. Bayan shekaru wani makamancin wannan ya zo da sabon suna, ba sai na kama sunan ba, kuma ni da nake rubuta labari da hannuna sai da labarin wata ƙawata ya ci ni. Na sayar da awarwaron da mahaifiyata ta ba ni na zuba. Wata biyu aka biya ni, na uku shiru. Wallahi ba asarar ce ta fi yi mini ciwo ba, ƙanwar maigidana da na ja ta shiga ita ce har yau nake jin nauyin haɗa ido da ita.

Abin da na fahimta shi ne kasuwa da labari take tafiya. Idan zancen samu ya bazu, kowa ya ci bashi ya saya, kaya su tashi, tashin nan kuma ya zama shaidar cewa zancen gaskiya ne. Ranar da zancen tsoro ya bazu, kowa ya ruga ya janye nasa a lokaci guda, abin ya rushe a kan na ƙarshen shiga. Na ƙarshen nan kuwa yawanci mu ne, matan cikin gida, domin sai labari ya gama zagaya gari yake shigowa ɗakinmu.

Saboda haka idan aka zo miki da irin wannan, ki ɗauki biro. Naira 10,000 a ribar kashi 30 duk wata za ta haura 230,000 a shekara guda. Wane ƙuli-ƙuli, wane ɗinki, wane kiwo ne ke haihuwa haka? Adashinmu na gargajiya abin da kika zuba shi kike kwasa, kuma kin san fuskar uwar adashi. Ki yi tambaya ɗaya tak: me ake sayarwa, wa ke saye? Idan amsar da aka ba ki labarin kujerun wance ne, to ki saurara ki sha daɗin labarin, amma ki bar awarwaronki a hannunki. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Allah Ya tsare mana guminmu. Taku har kullum.