Daga Ayarin Gabas Zuwa Ofishin Biza: Tarihin Shirin Fita Neman Ilmi Mai Zurfi

Fita ƙasar waje domin ƙaro ilmi, wadda a yau ake dangantawa da neman digiri na biyu da na digirgir, al'ada ce da ta girmi jami'o'in zamani a ƙasar Hausa da Borno da ɗaruruwan shekaru. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya ruwaito cewa mutanen Kanem sun gina makaranta a Alƙahira a shekarun 1240, wadda aka sani da madarasar Ibn Rashiƙ, domin ta zama masauki da wurin karatu ga mutanensu, daga baya kuma ɗaliban Borno suka sami riwaƙi nasu a masallacin Azhar, wato sashen da ake ware wa ɗaliban wata ƙasa inda ake ba su makwanci da rabon burodi daga dukiyar wakafi. Wannan tanadi shi ne kakan abin da yanzu ake kira tallafin karatu.

Abin lura a wancan zamani shi ne wanda ke fita ba sabon shiga ba ne. Sai ɗalibi ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ya zauna a zauren malami ya karanci Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya kai ga Lauwali da Sani, wato kashi biyun da malaman Hausa suka raba Muhtasar na Halilu, ya kuma haɗa da nahawu da luga, sa'an nan ya fara yawo tsakanin Katsina da 'Yandoto da Kano da Zazzau da Birnin Gazargamu, yana bin kowane malami domin littafin da aka san shi da shi. Idan ya ga ya kwashe abin da ke kusa, a lokacin ne zuciyarsa ke karkata gabas. Takardar shaidarsa ita ce ijaza, izinin da malami ke bai wa ɗalibi na ya karantar da wani littafi, tare da jerin sunayen waɗanda aka karɓo littafin daga hannunsu har zuwa ga mawallafi. Darajar ijaza tana ga sunan wanda ya bayar da ita, saboda haka ɗalibi kan bar gida ne da sunan wani malami a bakinsa, ba sunan gari kawai ba. Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, ya ƙoshi da ilmin lissafi da hisabi a hannun malaman yankinsa kafin ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira ya yi wallafe-wallafensa a shekarun 1730, ya kuma rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Haka Malam Jibrilu ɗan Umaru ya sadu da Murtala al-Zabidi a Alƙahira a shekarun 1780 ya karɓi ijaza daga gare shi, wadda ta gangaro ga ɗalibansa a ƙasar Gobir.

Shirin tafiyar kansa yana farawa ne daga yardar iyaye, kuma ba a ɗauki wannan sharaɗi da wasa ba ko da ga ɗalibin da ya fi kowa hazaƙa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana a cikin Ida'un Nusuhi, littafin da ya lissafa malamansa a ciki, cewa yayansa Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu har Agadas, amma da malamin ya nufi hajji sai ya mayar da shi gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Wanda ya sami izini kuwa sai ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya zagaya dangi yana neman gafara, domin babu tabbacin sake haɗuwa. Guzurinsa bai wuce kilishi da garin gero da 'yar hajar da zai riƙa sayarwa ba, littattafansa suna cikin gafaka, jakar fata da ake ratayawa a kafaɗa, shi kuma yana ƙarƙashin madugu, shugaban ayarin fatake. Wasu sukan bi ta Agadas da Gat da Murzuƙ su faɗa Masar, wasu su bi ta Borno da Wadai da Darfur. Jarin da ya fi kowane amfani shi ne sana'ar hannu, domin tafiyar takan ci shekaru, matafiyi ya tsaya a wani gari ya yi noman damina, ko ya yi ɗinkin hula, ko ya kwafi Alƙur'ani da hannu ya sayar, kafin ya ƙara gaba. Da yawa ba su kai ba, da yawa kuma ba su komo ba, kuma zuriyarsu na cikin Hausawan da ke zaune a Sudan har yau.

Zuwan Turawa ya ɗauke mabuɗin tafiya daga hannun uba da malami ya damƙa shi ga hukuma. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, an yi ta ne domin samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, ba domin shirya ɗalibai zuwa jami'a ba, shi ya sa waɗanda suka fita da wuri 'yan ƙalilan ne, irin su Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham. Sai a 1945 aka tura Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu malamai kaɗan zuwa Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya bi bayansu a 1946. A wannan zango shiri ya zama na takarda: amincewar jami'in ilmi da ta Razdan, gwajin lafiya, allurar rigakafin shawara, fasfo, da ɗinkin kwat da sayen rigar sanyi ga mutumin da bai taɓa ganin sanyin da ya wuce na hunturu ba. Ɗalibi kan hau jirgin ƙasa zuwa Legas, ya shiga jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster a Apapa, ya yi kimanin mako biyu a teku kafin ya sauka a Libaful, ko kuma ya tashi ta filin jirgin saman Kano.

Hukuma ba ta tsaya ga zaɓen wanda zai tafi ba, har inda zai je ita ke yankewa. Turawa suna ɗari-ɗari da Masar saboda guguwar kishin ƙasa da ke kaɗawa a can, don haka da aka tashi tura ɗaliban Makarantar Nazarin Larabci ta Kano ƙaro ilmi a 1954, sai aka kai su kwalejin horon malamai ta Bahtar Ruda a Sudan, wadda ke ƙarƙashin idon Ingila. A cikinsu akwai Abubakar Mahmud Gumi da Halliru Binji da Shehu Galadanci, waɗanda suka dawo suka riƙe shari'a da ilmi a Arewa. A Nijar hanyar ta nufi Dakar da Faransa ne, kamar yadda Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya yi karatun kimiyyar lissafi da makamashi a Faris, ya ƙaro bincike a kan hasken rana a Tarayyar Sobiyet, har daga baya aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Shekaru ashirin na farko bayan samun 'yanci su ne lokacin da fita ta fi sauƙi kuma ta fi ma'ana. An tsara tallafin karatu na ƙasashen renon Ingila a 1959, an buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda ta riƙa tura matasan malamanta waje bisa yarjejeniyar su dawo su koyar. Iya Abubakar ya yi digirin digirgir a lissafi a Kembirij, M.K.M. Galadanci ya kammala nasa a kan nahawun Hausa a Landan a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya rubuta nasa a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Waɗannan sun tafi ne wurin sanannun masana a fannoninsu, suna ɗauke da tambayar da suka taso da ita daga gida, kuma a wannan fuska sun fi kusa da al-Kashinawi fiye da yadda ake zato.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, daga nan kuɗi ya zama babban alƙalin fita. Asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, da asusun manyan makarantu, TETFund, da wasu gwamnatocin jihohi sun cike wani giɓi, musamman Kano da ta tura ɗalibai 501 yin digiri na biyu a 2012. Ɗalibin yau yakan shafe watanni yana zirga-zirga tsakanin tsohuwar jami'arsa, inda yake bin takardar sakamakon darussa, da cibiyar jarrabawar Turanci ta IELTS, da asibitin gwajin tarin fuka, da banki, domin Ingila na bukatar a nuna kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a asusu kafin a nemi biza. Sakin naira ga kasuwa a 2023 ya ninka wannan nauyi, dokar Ingila ta Janairun 2024 da ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali ta shafi magidanta ƙwarai, yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 kuma sun tuna wa iyaye cewa hatsarin hanya bai ƙare da zamanin ayari ba.

A cikin wannan tarin takardu, abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne wanda magabata suka fara da shi. Digirin digirgir har yanzu zama ne na shekara uku ko huɗu a gaban malami guda mai duba bincike, kuma ɗalibin da bai karanci rubuce-rubucen wannan malami ba, bai kuma tantance tambayar da ta fi ƙarfin ɗakunan karatu da na gwaje-gwajen gida ba, ya shirya ƙaura ne kawai, ko da bizarsa ta fito. Hukumomin da ke kashe dukiyar jama'a wajen tura ɗalibai ya kamata su tambayi kowane mai nema wurin wa zai je, me zai karanto a hannunsa, da kuma inda zai koyar da shi idan ya dawo, kafin su sa hannu a takardar biyan kuɗi.